Wa Ya Yaye wa Ba'u Rufin Ɗaki?

Abban Sadiq, Kano: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙorafi na kawo, kuma a kan kaina ne. Wata uku ke nan da na sayi kyamarar Nikon D3300 ta hannu da lensi mai 70-300. Kurciya da hasbiya suna fita tas, har balbela na taɓa kamawa tana tashi. Amma ƙananan tsuntsayen nan, asisi da ba'u da sha-kauci, sun gagare ni. Jiya bayan la'asar na ɗauki hoto 214 a bayan makarantarmu, da na zo gida na duba, uku ne kawai za a iya nuna wa mutum, a cikin ukun ma ɗaya wutsiya ce zalla. Sauran ko dai reshe ya fito tsaf tsuntsun ya yi dishi-dishi, ko tsuntsun ya zama kamar ƙwayar gero a tsakiyar faifai. Lensin ne ya yi kaɗan, ko hannuna ne?

Mai Hoton Biki, Kaduna: Wa alaikumus salam. Lensi ne, Malam, kar ka wahalar da kanka. 300 ta amarya ce da ƙawayenta. Ka tara kuɗi ka nemi lensin Sigma ko Tamron mai 150-600. In aljihu bai kai ba ka sayar da wannan ka sayi kyamarar Nikon P900, tana zuƙo abu har ninki 83, daga ƙofar gida za ka ƙirga gashin idon tsuntsu.

Baba Mai Ritaya, Katsina: Ɗana, kafin ka sayar da komai amsa mini tambaya uku. Taku nawa ne tsakaninka da tsuntsun? A tsaye kake ko a zaune? Kai kake bin sa, ko shi yake zuwa inda kake?

Abban Sadiq, Kano: Baba, barka da dare. Taku ashirin ko fiye. A tsaye nake, kuma gaskiya ni nake bin su. In na matsa su matsa.

Baba Mai Ritaya, Katsina: To ai ka ba kanka amsa. Farauta kake yi da kyamara. Mu da muka yi aiki da fim mai 36, in ka danna sau 214 ka ƙone fim shida, maigidanka kuwa a ranar zai sallame ka. Dole ta koya mana zama. Maman Hanifa, ki ba shi labarin kaskonki, kin fi ni iya faɗa.

Maman Hanifa, Zariya: Baba ya tono ni. Abban Sadiq, ni tsohuwar Canon SX50 gare ni wadda ƙanin maigida ya bar mana, kuma duk hotunan asisin da kuke yabawa ban taɓa fita ƙofar gida na ɗauke su ba. Kaskon turaren wuta ne da ya tsage a baki, na ajiye shi a gindin zogale, kusa da inda lemon tsami ya yi duhu, don in sun tsorata su sami wurin faɗawa. Ruwan bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, na jefa tsakuwa uku a ciki don su sami matakala. In ya yi zurfi kurciya ce kawai za ta sha, ƙananan ba sa yarda. Sai na kafa busasshen reshe a gefe, tsayinsa kamar kamu biyu. Wannan reshen shi ne sirrin, domin kowane tsuntsu sai ya fara sauka a kansa ya waiga dama da hagu kafin ya dira ruwa. A nan nake saita kyamara in jira. A sama na rataye gorar roba da na huda da allura, tana ɗiga ɗis, ɗis. Ƙarar ɗigon nan tana kiran su fiye da tsaba.

Ina zama a ƙofar kicin bayan asabari, rana a bayana, daga shida da rabi zuwa takwas, ina tsince shinkafa ina jira. Kwana tara na yi ba wanda ya zo sai ƙadangare. A na goma matar ba'u ta sauka, ita ce mai ƙasa-ƙasa da ja a gindin wutsiya, sai mijin ya biyo, ja wur da 'yan ɗige-ɗigen fari a gefen ƙirji. Yanzu har rigima suke yi a kan layi. Abu biyu dai: a sauya ruwa kullum a wanke kaskon saboda sauro da cuta, sannan in kuna da mage a gida, a haƙura da ɗaya daga cikin biyun.

Na Maraɗi: Hajiya, wane ne ba'u kuma? In jan nan ne ɗan mitsitsi da ke shiga har cikin ɗaki yana tsintar tsaki, mu baiwar Allah muka tashi muka ji ana ce mishi.

Maman Hanifa, Zariya: Shi ne dai. Kowane gari da sunan da ya raɗa masa.

Ɗan Jos: Bari in ƙara lissafi a kan maganar Baba da Anti. Ba'u tsawonsa kusan santimita 10 ne daga baki zuwa wutsiya. Da lensinka a kan 300, in kana nesa da mita 15, faɗin abin da kyamararka ke gani ya haura mita ɗaya, wato tsuntsun bai cika kashi ɗaya cikin goma na hoton ba. In ka zauna a mita 4, faɗin ya dawo kusan santimita 31, tsuntsun ya cinye kashi ɗaya cikin uku. Ka ga tabarma ta yi maka abin da lensin miliyan zai yi.

Maganar reshe ya fito tsuntsu ya ɓace kuwa, kyamarar ce ka bar wa zaɓi. D3300 tana da ɗigon saiti 11, ita kuma duk abin da ya fi kusa shi take kamawa. Ka zaɓi ɗigo ɗaya, na tsakiya, ka ɗora shi a kan idon tsuntsun. In ido ya fito, ko wutsiya ta ɗan yi hazo ba mai damuwa. Ka juya ta zuwa M, wato saiti da hannu, saurin ƙiftawa 1/1000 na daƙiƙa, ga sha-kauci ma ka kai 1/1600 don ba ya zama wuri ɗaya. Ƙofar haske f/8, saboda irin waɗannan lensin masu sauƙin kuɗi suna laushi a ƙarshen zuƙowa in an buɗe su gaba ɗaya. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, ka bar shi ya zaɓi kansa, ka yi masa iyaka a 3200. Hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi hoto mai rawa. Kuma yanzu da hunturu ya fara shigowa kar ka cire lensi a waje, ƙura za ta shiga ta zauna maka a kowane hoto.

Mai Hoton Biki, Kaduna: Duk wannan dogon Turanci ne. Ga nawa, ku duba. Ranar Asabar na je ɗaukar biki wani ƙauye, na tsinci wannan a jikin jinkar rumbu. 'Ya'ya huɗu, baki a wangame, minti biyar ban yi ba. Ba kasko, ba kwana tara.

Abban Sadiq, Kano: Kai! Masha Allah. Har cikin maƙogwaronsu ana gani.

Ɗan Jos: Yaya, hoton ya fita, ba musu. Amma ina da tambaya. Sheƙar ba'u dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, a rufe take ta sama, ƙofarta a gefe. Mu kuma a hoton nan daga sama muke kallon 'ya'yan, ga gashin kazar da aka shimfiɗa musu a fili, ga hasken filashi a jikinsu. Wa ya yaye rufin?

Mai Hoton Biki, Kaduna: Ɗan ciyawar sama na janye don haske ya shiga. Na mayar da ita da na gama.

Maman Hanifa, Zariya: Innalillahi. Ka mayar yadda uwar ta saƙa?

Baba Mai Ritaya, Katsina: Ɗana, ba zan yi maka faɗa a gaban jama'a ba, amma zan faɗa maka abin da na sani. Rufin nan shi ne inuwarsu da rana, shi ne bargonsu da asuba, ga shi sanyi ya fara. Shi ne kuma yake ɓoye su daga idon maciji da mage. Wannan duka ma da sauƙi. Ka ce gidan biki ne. Yara nawa ne suka tsaya a bayanka suna kallo lokacin da kake ɗauka?

Mai Hoton Biki, Kaduna: Baba, ai ka san yara da kyamara. Sun kai goma.

Baba Mai Ritaya, Katsina: To ka nuna wa yara goma inda sheƙa take, ka hau mota ka koma Kaduna.

Mai Hoton Biki, Kaduna: Allah ya huci zuciyar Baba, amma a bar ni in faɗi tawa. A ƙasar nan da jirgin sama ake yi wa janbaki feshi in ya sauka a gonakin shinkafa da gero, ana kashe su ba adadi, kuma manomi yana da gaskiyarsa. Kowace unguwa yara na yawo da danƙo. A tasha ana sayar da 'yan tsuntsaye soyayyu a faranti. Duk wannan ba wanda ya ɗaga murya, sai ni da ban kashe ko ɗaya ba? Kuma hoton nan in mutum dubu suka gani suka ji tausayin tsuntsu, ashe bai yi amfani ba?

Na Maraɗi: Maganarshi tana da ƙamshin gaskiya fa. Mu ma nan ana yaƙi da janbaki duk shekara.

Maman Hanifa, Zariya: Manomi abincin 'ya'yansa yake karewa. Yaro mai danƙo bai san komai ba. Kai me kake karewa? Yabon da za mu yi maka a zaure? Kuma mutum dubun da kake faɗa, abin da za su koya shi ne in ana son hoto mai kyau a buɗe sheƙa. Ga Abban Sadiq nan har ya ce masha Allah.

Abban Sadiq, Kano: Na janye, Hajiya. Wallahi ban lura ba.

Malam Na Zaure, Gusau: Ina karantawa ban sa baki ba, amma abin ya zo inda nake da ɗan abin faɗa. Akwai hadisi a Abu Dawud: Sahabbai suna tafiya tare da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Annabi ya zo ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ku lura, ba a ce sun yanka su ba. Tashin hankalin uwar kawai aka duba.

Mai Hoton Biki, Kaduna: Allah ya gafarta Malam, to ƙanin Anas fa da yake da ɗan tsuntsunsa yana wasa da shi, har Annabi yana tambayarsa labarinsa? Ba a hana shi ba.

Malam Na Zaure, Gusau: Haka ne, Abu Umair, kuma hadisin ingantacce ne. Da shi malamai suka kafa hujjar halaccin ajiye tsuntsu in za a ci da shi a shayar da shi ba a cutar da shi ba. Amma wanda ya ajiye tsuntsu ya ɗauki nauyinsa. Kai ka buɗe ka tafi, ba ka ɗauki nauyin kowa ba.

Na Maraɗi: Tsohona ya yi kiwon kanari shekara da shekaru, keji uku a zaure, shi da kanshi yake wanke musu mazubin ruwa tun kafin ya karya. To tambayata, in na ɗauki hoton kanari a keji na kauce wa ƙarfen, na sa a nan, laifi ne?

Ɗan Jos: In ka ce a keji yake, ba laifi. In ka yi shiru muka ɗauka a daji ne, ka yi mana ƙarya. Akwai wanda na taɓa gani a wani zauren da ya sayi asisi a hannun yara, ya ɗaure masa ƙafa da zaren ɗinki a jikin reshe, ya goge zaren a kwamfuta. Abin da ya tona shi, gashin kan tsuntsun duk ya hargitse, baki a buɗe yana haki.

Abban Sadiq, Kano: Tunda ana tonon silili bari in kai ƙarar kaina. Makon jiya na sauke kukan suda a waya, na haɗa da 'yar sifika na kunna a bakin wata gona. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga ta ta fito fili, abin da ban taɓa gani ba, kullum a cikin ƙaya take. Na ɗauka na kashe. Amma har na kai bakin titi ina jin ta tana ta kuka tana tsalle daga wannan kargo zuwa wancan. Abin ya tsaya mini a rai.

Baba Mai Ritaya, Katsina: Kishiya ka kai mata gida, ka ɗauke kishiyar ka bar ta tana nema. Ni ban yarda da wannan ba ko na daƙiƙa ɗaya.

Ɗan Jos: A nan kam zan ɗan saɓa wa Baba, da neman afuwa. Masu bincike suna amfani da kunna kuka don tabbatar da ko wani tsuntsu yana wuri, amma a taƙaice, kuma su bar wurin. Illar tana zuwa in lokacin sheƙa ne, namiji ya bar ciyar da 'ya'ya ya tafi neman abokin gaba da babu shi, ko kuma in wuri ɗaya ne kowa ya zo sai ya kunna. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu san lokacin sheƙar kowane tsuntsu ba. Ba'u ga shi yanzu yake da 'ya'ya bayan an gama girbi, mulufi kuwa da damina yake ja, yanzu ya fara komawa kalar gwara.

Baba Mai Ritaya, Katsina: To tunda ba mu sani ba, mu bari. Mai bincike yana da dalili, mu sha'awa ce.

Ɗan Jos: Sha'awarmu ma tana iya zama aiki, Baba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana tafiyar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma yawancin masu tura bayanai 'yan sa-kai ne da manhajar BirdLasser a waya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 ta kowane gefe, kana rubuta abin da ka gani a naka. Hoton da Abban Sadiq yake rainawa, in dai ana gane tsuntsun kuma an san rana da wuri, hujja ne. Musamman baƙin da ke zuwa mana daga Turai a wannan lokaci, irin su hana-noma mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu a fadamun Haɗeja da Nguru. Wasu daga cikin baƙin nan nauyinsu bai fi giram 10 ba, kuma Sahara suka ƙetaro. Farin da aka yi a yankinmu a 1968 sai da aka gan shi a Ingila, domin a 1969 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke yin rani a wajenmu, fiye da rabinsu ba su koma can ba. In ka ga tsuntsun da masu bincike suka sa wa zobe a ƙafa, ka ɗauki ƙafar ko da kan bai fito ba.

Na Maraɗi: Sai dai a yi hattara da fita daji da dogon lensi a wannan zamani. Ni an taɓa tsare ni a wani ƙauye, samari suka ce ko dai bindiga ce ko kuma leƙen asiri nake. Hotunan kabare da ke cikin kyamarar ne suka cece ni, tsoho guda ya kalla ya yi ta dariya, ya ce wannan ɓarawon geron ka zo ɗauka tun daga birni? Tun ranar, sai na fara gaida mai gari kafin in buɗe jaka.

Shugaban Zaure: Jama'a, an sha muhawara. Ga abin da muka tsayar ni da sauran masu kula: daga yau ba a sa hoton ƙwai ko 'ya'ya a cikin sheƙa a zauren nan, sai dai uwa tana shiga ko fita, an ɗauka daga nesa. Tsuntsun keji ko wanda aka kira da sifika, a rubuta a ƙasan hoton. Maganar hana sifika gaba ɗaya ba mu daidaita ba, mu ma kanmu ya rabu biyu. Mai Hoton Biki, muna roƙon ka sauke naka da hannunka.

Mai Hoton Biki, Kaduna: Na sauke. Ban gamsu da duk abin da aka faɗa ba, har yanzu ina ganin an fi ƙarfina ne da yawan baki. Amma maganar yaran nan ta Baba ta hana ni sakat. Na kira wanda ya kai ni bikin na ce ya duba rumbun, ya ce sai gobe in ya shiga ƙauyen.

Abban Sadiq, Kano: Salam. Yau kwana shida da kafa kasko. Na yi amfani da murfin tukunyar ƙasa, kuma uwargida ta ce in ya fashe ni zan biya. Ba'u bai zo ba tukuna, amma ga wanda ya sauka a reshen da safe, daga mita huɗu, ina zaune a kan tabarma. Baƙi ne sidik yana sheƙi, girmansa kamar ba'u, baki fari, ƙafa ja. Abin da ya ɗaure mini kai, yana cikin surutunsa sai in ji ya yi kuka irin na ba'u sak. Wane ne wannan?

Maman Hanifa, Zariya: Ka ga ido ya fito kuwa! Ɗan baƙi muke ce masa. Yana zuwa nawa kaskon, ban taɓa kula da kukansa ba.

Ɗan Jos: Malam, ka kamo babban labari. Wannan ba ya saƙa sheƙa. Matarsa a sheƙar ba'u take zuba ƙwanta, ba'u ya ƙyanƙyashe ya rena tare da nasa, kuma ɗan ba ya ture 'yan gida, tare suke tashi. Har zanen cikin bakinsa irin na 'ya'yan ba'u ne, shi ya sa uwar ba ta bambancewa. Kukan da ka ji a gidan riƙo ya koya, matar kuma namijin da ke kukan gidan da ta tashi take zaɓa. A duwatsun Jos akwai wani ɗan'uwansa da ke kwaikwayon kuka daban, bin wannan kukan ne ya kai masu bincike ga wani irin ba'u na dutse da ba a san shi ba, aka ba shi suna a 1998. Tunda ɗan baƙi yana kuka a gidanka, ba'u yana kusa, ka ci gaba da zama.

Mai Hoton Biki, Kaduna: Tsaya, ƙanena. Kana nufin a cikin huɗun nan da na ɗauka, wataƙila ɗaya agola ne?

Ɗan Jos: Yana yiwuwa ƙwarai. Mutumin naka ya je ƙauyen kuwa?

Mai Hoton Biki, Kaduna: Ya je. Ya ce sheƙar tana nan, ya ga jan yana shiga da fita, amma bai leƙa ba, don na ce masa kar ya taɓa.